FILIN WASANNI: Laifi Huɗu, Usur Ɗaya

A wannan mako filin namu zai leƙa wasan ƙwallon zari-ruga, domin mu duba wurin da ya fi ko'ina wahalar da alƙalin wasa, watau turereniyar nan da Turawa ke kira sikiram.

Ga yadda abin yake. Ƙarti takwas ne daga kowane ɓangare ke sunkuyawa su sarƙe da juna, uku a sahun gaba, sa'an nan a jefa ƙwallo ta tsakiya su yi ta turi. A wasannin ƙasa da ƙasa nauyin mutum takwas ɗin nan yakan kai wajen kilo 900. Kafin ƙiftawar ido sai a yi laifi uku ko huɗu: wannan ya riga umurnin alƙali, wancan ya saki riƙo, mai jefa ƙwallo ya karkatar da ita wajen mutanensa, na baya kuma sun shigo cikin mita 5 da doka ta hana su. To, wanne alƙali zai fara hukuntawa?

Abu na farko shi ne lafiyar 'yan wasa. In aka ɗaga wani daga sahun gaba har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ko turereniyar ta rufta ta yadda wuyan wani ke cikin haɗari, wajibi ne a busa usur nan take, ko da wa ke da rinjaye. Wannan kuwa ba tsoro ba ne na banza. A 2005 turereniya ta rufta da Matt Hampson, wani matashin ɗan wasan Ingila, wajen horo, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Saboda irin wannan haɗari ne a 2013 aka sake ƙa'ida, aka ce sai 'yan sahun gaba sun riƙe juna tukuna kafin su haɗu, don a rage ƙarfin karo.

Na biyu, alƙali yakan nemi mafarin ɓarna. Wanda aka gani a ƙasa ba lalle ne shi ya yi laifi ba, wataƙila abokin karawarsa ne ya janyo shi, ko ya karkace ya tura shi ta gefe maimakon gaba. Gwanin alƙali ba ya tsayawa inda aka faɗi, sai ya koma inda aka yi tuntuɓe.

Na uku shi ne nauyin laifi. Riga umurni da karkatar da ƙwallo hukuncinsu bugun tazara ne kawai. Amma ruftar da turereniya da gangan hukuncinsa fanareti ne, wanda ke iya kawo maki 3. In kuwa laifin ya hana cin da babu makawa za a yi, sai a ba da maki 7 kai tsaye, a kuma kori mai laifin na minti 10. Saboda haka laifin da ke da haɗari yana gaba da ƙaramin kuskuren da bai cuci kowa ba.

Duk da wannan tsari gardama ba ta ƙarewa. Ran 21 ga Oktoba, 2023, a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin duniya a Faransa, Ingila na gaban Afirka ta Kudu da 15 da 13, saura 'yan mintoci a tashi. Turereniya ta wargaje, alƙali Ben O'Keeffe na ƙasar New Zealand ya ɗora laifin a kan Ellis Genge na Ingila, wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Waɗansu masu sharhi suka ce ai Vincent Koch ne ya karkace. Handré Pollard ya buga fanaretin daga kusan tsakiyar fili, aka tashi 16 da 15, daga baya kuma Afirka ta Kudu ta ɗauke kofin.

Ɗan kallo yana da damar maimaita hoto sau goma kafin ya yi magana, alƙali kuwa daƙiƙa biyu gare shi. Abin da za a nema a wurinsa shi ne ya auna ɓangarorin biyu da mudu ɗaya, tun daga farkon wasa har ƙarshensa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.