A BA MU MITA, SA'AN NAN A YI MANA WA'AZIN TATTALI

Ya ku 'yan'uwa talakawa, masu kantuna da rumfuna a Dutse da Shuwarin da Kiyawa, ku kawo kunne.

Kullum ana ce mana mu yi tattalin wutar lantarki. Madalla. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ya yi awa 10 kowace rana a kanti, yunit 18 yake sha a wata. Ƙwan LED mai wat 9, haskensu ɗaya, ko yunit 3 ba ya kaiwa.

To, amma ribar ta wane ne? Telan da ba shi da mita kuɗin ƙiyasi ake rubuto masa, ko ya canja ƙwai ko bai canja ba.

Ku dubi yadda wasu suka yi. A 2007 gwamnatin Gana ta raba ƙwai marasa cin wuta miliyan 6 kyauta. A Amurka kuwa kamfanonin wuta da kansu sukan biya wani kaso na kuɗin canja fitilu a tsofaffin kantuna, don rage ɓarna ya fi gina sabuwar tasha araha.

Tun 2013 rabon wutar Kano da Katsina da Jigawa yana hannun KEDCO. Kiranmu biyu ne: ya sa mita a kowane kanti, sa'an nan ya kawo ƙwai da fanka marasa cin wuta, mu biya kaɗan-kaɗan. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Shugabannin kasuwa, ku kai wannan kuka da murya ɗaya.