Dabarun Karkara: Gyaran kurar tsohuwar rijiya

Rani ya kama. Tabkuna sun ƙafe, bisashe sun koma bakin rijiya. Daga Agye da Gazawa har Gidan Runji, jan ruwa yana farawa tun asuba. A fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri, ruwa kusa yake. A kan tudu kuwa sai an zura igiya gaba da yawa.

Wasu rijiyoyin siminti na ƙasar nan aikin OFEDES ne, ma'aikatar da gwamnati ta kafa a 1963 don ginin rijiyoyi. Faɗin cikinsu metir 1 da santimetir 80 ne. Sun tsufa, amma da yawa suna da ruwa har yanzu. Abin da ke fara lalacewa shi ne kayan jan ruwa: gwafanni, da igiya, da kura. Kura ita ce dunƙulen icen nan mai kurmi a tsakiya, wanda igiya ke bi ta kansa.

Gwafa in ta karye, wasaki cike da ruwa yana iya fizgar mai ja zuwa cikin rijiya. Saboda haka gyara ba abin jinkiri ba ne.

Na farko, gwafa. A tona gindinta a duba. In gara ta ci, a sake ta. Icen kirya yana daɗewa a ƙasa, amma ba a sara sai da izinin ma'aikatan daji. In kwamitin rijiya yana da hali, ya sa maƙeri ya yi ta ƙarfe, a kafa ta da siminti. A karkata ta kaɗan zuwa cikin rijiya, don kada wasaki ya riƙa gugar bango.

Na biyu, kura. Ƙaramar kura tana cin igiya, tana kuma gajiyar da mai ja. Babba ta fi sauƙin juyawa. Kurminta ya yi daidai da kaurin igiya. In ya yi ƙunci, igiya ta maƙale. In bai yi zurfi ba, ta zame. A sa sandar ƙarfe a tsakiya, a toshe bakinta biyu da ƙusa. A shafa man gyaɗa kaɗan. Baƙin man mota ba ya zuwa kusa da ruwan sha.

Na uku, lissafin nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Wasaki mai lita 30 kilo 30 ke nan. Kura ɗaya a sama ba ta rage wannan nauyi. Hanyar ja kawai take juyawa, shi ya sa sa ko jaki ke iya ja yana tafiya.

Mai son rage nauyi sai ya ƙara kura ta biyu. A ɗaure bakin igiya a gwafa. Igiyar ta sauka ta bi ƙarƙashin kurar da ke riƙe da kaya, ta hau ta bi ta sama, sannan ta zo hannu. Kilo 30 zai koma kamar 15 da ɗan ƙari. Amma ba a samun sauƙi kyauta. Rijiya mai gaba 20 za ta ci igiya gaba 40, jan kuma zai ninka tsawo.

Don haka makiyayi mai shayar da garke da sa, kura ɗaya babba ta ishe shi. Kura biyu ta fi amfani ranar yasar rijiya, lokacin da ake fid da yashi da laka. Ranar nan akwai mutum a ƙasa. A yi aiki da sabuwar igiya, kuma a ɗaura masa tasa daban.

Na huɗu, tsabta. Igiyar da ta ja ƙasa tana kwaso kashin bisashe ta kai cikin ruwa. Daga nan zawo ke kama yara. A share hanyar da sa ke bi, a nesanta kwamin shayarwa, a rataye igiya bayan aiki.

Maigari da kwamitin rijiya su sa rana tun kafin zafi ya tsananta. Kuɗin kura da igiya bai kai kuɗin maganin mutum ɗaya da ya faɗa ba.