Yarinyar da ba ta girma: kada mu yi shiru

A garuruwanmu na Bande, Magariya da Dungas, in yarinya ta fi tsaranta gajarta, mukan ce tamowa ce ko gadon gida. Sau da yawa haka ne. Amma akwai wata lalura da ke ɓoye cikin wannan gajarta, mata kaɗai take samu. Sunanta ciwon Tana. Wani likitan Amurka, Henry Turner, shi ya bayyana ta a 1938.

Jikin mutum yana da ƙwayoyin gado 46, ana kiran su kuromozom. Biyu daga ciki ga mace su ne X da X. Mai ciwon Tana ta rasa ɗaya, ko wani sashensa. Ana samun haka ga jaririya ɗaya cikin kimanin 2,500. Ba laifin uwa ba ne, ba sammu ba ne.

Alamunta: kumburin hannu da ƙafa lokacin haihuwa, faɗin wuya, gajarta, rashin ƙirgar dangi da rashin haila. Hankalinta kuwa galibi lafiya lau.

Babbar damuwarmu ita ce ƙashi. Jikin budurwa yana yin wani sinadari, istirojin. Shi ke kawo nono da haila, shi ne kuma ke ƙarfafa ƙashi. Mai ciwon Tana, jikinta ba ya yin isasshe. Ƙashinta sai ya zama kamar icen da gara ta ci: waje lafiya, ciki rami. Faɗuwa kaɗan a bakin rijiya tana iya karya ta.

Ƙashi kamar rumbu ne. A ƙuruciya ake cika shi, kafin shekara 30. Shi ya sa likitoci ke soma ba da maganin istirojin tun yarinya tana da shekara 11 ko 12.

Ra'ayinmu shi ne, kunya ba ta da wuri a nan. Wasu iyaye sukan ɓoye yarinyar. Wasu sukan aurar da ita, wai aure zai kawo haila. Aure ba ya kawo abin da jiki ya rasa. Jinkiri kawai yake ƙarawa, ƙashi yana ta lalacewa.

In ƴarmu ta kai shekara 13 babu nono, ko 15 babu haila, mu kai ta gidan likita mafi kusa. Daga can ana iya tura ta asibitin Magariya, ko babban asibitin Damagaram. Mu roƙi a duba zuciyarta da ƙodarta, domin lalurar takan taɓa su.

A gida, mu ba ta fura da nono, kindirmo, riɗi, zogale da miyar kuka. Ta riƙa tafiya, ta sha hantsi. Abincin nan yana taimako, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Kada mu sayi ƙwayoyi wajen masu tallar magani a kasuwa.

Mu da muka koyi karatu, mu karanta wa maƙwabta wannan shafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.