Kayan da ke Kwance Ba Sa Biyan Bashi

Wannan makon harkar magani za mu duba, don darasinta ya shafi duk mai shago.

Kamfanin magani, babba ko ƙarami, da saurin juyawar jari yake rayuwa: kuɗi ya zama kaya, kaya su koma kuɗi. A ce dila ya ɗauki maganin sefa miliyan 3 bashi, wa'adin kwana 30, amma kayan sai sun kwana 90 kafin su ƙare. A littafi yana da riba. A aljihu kuwa, ran biya abin da ya shigo bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran sai ya ranto ko ya karyar da kaya. In kuma shi ma ya ba masu kemis bashi, ko wannan ɗin ba ya hannunsa. Ga shi magani ba atamfa ba ne, yana da ranar lalacewa. Da ta wuce, jari ya zama shara.

Wani lokaci ba rashin ciniki ke kwantar da kaya ba. A Fabrairun 2017 hukuma ta kai samame Adjégounlé cikin Dantokpa ta kwashe magunguna. A Fabrairun 2024 aka rufe shagunan magani a Sabon Garin Kano, aka ce su koma Dangwauro. Shago a kulle, amma wa'adin mai bin bashi bai tsaya ba. Manya ma ba su tsira ba: a Agustan 2023, lokacin da dala ta yi wuya, kamfanin GSK ya ce zai daina sayar da maganinsa da kansa a Najeriya. In ka sayar da naira ana bin ka dala, juyin bai cika ba sai dalar ta samu.

Shawarata, Alhaji da Hajiya, in ɗa ko ƙane ya zo neman jarin magani, fara tambayarsa takardar izini. Sannan ka tambaye shi kwana nawa kayan ke yi kafin su ƙare, kwana nawa aka ba shi ya biya. In na farko ya fi na biyu, kuɗinka ne zai cike giɓin.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a auna shi da saurin ciniki. Allah ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa.