RA'AYINMU: Wane Goron Sallah Muke Bai Wa 'Ya'yanmu?



Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada ranar jajibirin Sallah zai ga tarin kayan wasan yara na roba, kowanne a ƙunshe cikin leda. Uba ya zare kuɗin guminsa ya saya, yaro ya yi murnar kwana uku, abin ya karye, a watsar a juji. To, daga nan ina ya nufa? Roba ba ta ruɓewa kamar kara. Ledar kuwa akuya ce za ta haɗiye, ta cushe mata tumbi, ta rame har ta mutu. Mahauta shaida ne. Abin da ya saura ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafukan da ke kwarara cikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda masunta da manoman rani suka dogara da ita.

Ba mu ce kada a faranta wa yara ba, domin yin hakan lada ne. Abin da muke ƙi shi ne almubazzaranci da ɓarna a bayan ƙasa, waɗanda Allah Ya hana. Saboda haka muke ba da shawarar kyautar da za ta girma tare da yaro.

Ta farko ita ce dashen itace: mangwaro mai aure, ko gwaiba, ko zogale. A ce wa yaro naka ne, a kewaye masa da ƙaya saboda awaki, ya riƙa ba shi ruwan alwalar gidan. Zogale cikin 'yan watanni zai shiga tukunya, mangwaro mai aure kuwa cikin shekara 3 zuwa 4 zai fara 'ya'ya. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Anas (RA), cewa Musulmin da ya yi dashe yana da ladan sadaka duk sa'ad da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Yaron da ya raini itace da hannunsa, da wuya gobe ya shiga sahun masu sare Dajin Falgore domin gawayi.

Ta biyu ita ce al'adar kakanninmu: 'yar akuya ko kaza. Kaza kwana 21 take kwanci, akuya wata 5 ta haihu. Nan yaro zai koyi amana da tausayin dabba, watakila ma kuɗin littattafansa su fito daga ciki.

Ta uku, ga mai ƙaramin ƙarfi: allon katako, ko asusun ƙasa daga hannun maginan tukwanenmu, ko uba ya zauna ya haɗa motar kara tare da ɗansa.

Muna kira ga malaman Islamiyya na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa da su sanya dashe cikin kyaututtukan ɗalibai ranar saukar Alƙur'ani, limamai kuma su tunatar a huɗuba. 'Ya'ya amana ne, ƙasa ma amana ce, kuma za a tambaye mu a kan duka biyun.

Allah Ya sa mu dace.