Hoton ba-zata a cikin gida: wannan leƙe ne

Ran sunan ɗiyar ƙanena a Maraɗi, wani ɗanmu da ke karatu a Yamai ya zo da kamara mai dogon gilashi, irin wanda ke kaiwa milimita 200. Ya samu wuri bakin zaure ya zauna, ya saita ta cikin gida. Kafin magariba hotuna sun cika WhatsApp ɗin dangi: ga Goggo da loma a baki, ɗankwali ya zame; ga maijego tana shayarwa a ƙuryar ɗaki. Ba wadda ta san an ɗauke ta. Da na kira shi, sai ya ce: "Kawu, ai hoton da mutum bai shirya ba shi ne na gaskiya."

Ban musa ba. Ni ma na gaji da hoton da ake jera yara kamar sojoji, kowa ya ƙame. Dariyar kaka da jikanta ta fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Amma gilashin da ke jawo nesa kusa, aikinsa filin ƙwallo ne da kokawa, da namun dajin da ba a iya matsawa kusa da su. Uwarka ba barewa ba ce. In sai ka laɓe kafin ka ɗauke ta, to ka san da ta gan ka za ta hana.

Muna koya wa yara sallama sau uku kafin su shiga gidan mutane, kuma malamai sun ce saboda ido aka shar'anta neman izini. Wanda ya zauna a zaure ya aika idonsa har ƙuryar ɗaki, ya shiga ba sallama.

Ko ta fuskar sana'ar ma, dabarar ba ta biya. Ɗakunanmu ƙanana ne, haske kaɗan. Dogon gilashi yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman fuska. A milimita 200 ana son ƙiftawar kamara ta kai kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, abin da hasken ɗaki ba ya bayarwa. Sakamakon shi ne hoto dishi-dishi, an yanke fuska daga ɗakin da mutanensa.

Mai son hoton ba-zata ya sa gilashin milimita 35 ko 50, ya yi sallama, ya ce zai ɗauki hoto, ya zauna cikin mutane har su manta da shi. Bayan nan ya nuna wa kowa nasa kafin ya tura.

Iyaye da malaman lakwal, yaran da ke hannunmu kowa na ɗauke da waya mai zum a aljihu. In ba mu gaya musu wannan yau ba, gobe ƴar ajinsu za su ɗauka daga bayan taga. Goggo dai har yanzu, in yaron nan ya shigo gida, sai ta jawo mayafi ta yi shiru.