Mai bin haƙƙin mazan jiya, ina haƙƙin yaranka?

Akwai wata sana'a da ta tsiro tsakanin tsohon soja da kuɗinsa. Masu ita ba sojoji ba ne, ba kuma ma'aikatan gwamnati ba ne. Wani ofis gare shi, wani shagon kwamfuta, wani kuwa jaka ce kawai da waya da sanin ƙofofi. Aikinsu cika fom, haɗa takardu, bin fayil daga Kano zuwa Abuja, in kuɗi ya fito su yanki la'ada. Da ku nake yau, kuma ba a kan la'adar ba. A kan yaran da ke yi muku aikin ne: akawu, mai buga takardu, masinja. Kuna kiran kanku masu ƙwato haƙƙi, alhali haƙƙin da ya fi kusa da ku, na yaron da ke zaune a teburin gabanku, shi kuke fara dannewa.

Babu mai musun cewa ana buƙatarku. Dattijon da ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967 ya yi yaƙin basasa, yau ya doshi tamanin. Na bayansa sun je Laberiya da Saliyo a rundunar ECOMOG, na bayan waɗannan kuma suna fama da Boko Haram tun 2009. Wasunsu sun kwanta a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, sun fito da sanda ko da ƙafar roba. Wanda ya koma gida Kwanyawa ko Tudun Kaya ko Yammedi a ƙasar Karaye, ko cikin ƙasar Rogo, hukumar da ke riƙe da fanshonsa tana can Dutsen Alhaji a Abuja. Tsakaninsa da ita akwai takardar sallama, da takardar likita, da BVN, da NIN, da suna da aka rubuta dabam a banki dabam a fayil. In kuma ya rasu, matarsa da ba ta taɓa wuce Gwarzo ba ita za ta tabbatar wa hukuma cewa ita ce magajiya. Jinkirin kuwa ba ƙirƙirarku ba ne: a watan Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja saboda haƙƙoƙinsu da suka maƙale. Don haka aikin na halal ne, kuma mai yin sa ya cancanci lada.

To, wane ne mai yin sa? Ba kai ba ne, Alhaji. Yaron nan ne da ya gama difloma ya rasa aiki, aka kawo maka shi daga ƙauye aka ce ga amana. Shi ke buɗe shago tun bakwai na safe, shi ke fama da janareto, shi ke kwana a tasha da fayil a ƙarƙashin kansa. Shi ke zama da dattijon da kunnensa ya mutu saboda ƙarar bindiga, yana maimaita masa tambaya ɗaya har ya fahimta. Shi ke sauraron kukan matar da aka kashe mata miji a Sambisa. Kai kuma ka ba shi jimloli uku ya riƙa juyawa: “Oga ba ya nan”, “fayil bai fito ba”, “a dawo mako mai zuwa”. In ran dattijo ya ɓaci ya ɗaga sanda, a kansa take sauka. In alat ya shigo, wayarka ce ke ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙarshen wata ya zo, sai ka ce ya yi haƙuri har garatutin wane ya fito, a ba shi kamashonsa. Wato ka ɗaura cikinsa a kan jinkirin gwamnati, jinkirin da kai kanka ka san yana iya shekara. Ba takardar ɗaukar aiki, ba ranar hutu, ba kuɗin magani. Ran da ya yi magana, ka ce ai koyon aiki yake, ko ka tuna masa cewa masu nema suna nan a bakin ƙofa.

Na san mafakarku. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kano ta sa wa ma'aikatanta 71,000. Amma dokar ta ware wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma ware wanda ake biya da kamasho. Kun haddace wannan saɗara kamar karatun allo. Sauran dokokin fa? Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa, kuma akawu yana cikin waɗanda ta ambata. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyarsa ta zuwa aiki. Ku da abincinku ke fitowa daga takardun rauni, in masinjanku ya faɗi a babur ya karye a hanyar kai fayil, wace takarda za a cika masa? Karo-karon 'yan uwansa ne kawai, sai kuma “Allah ya sawwaƙe” daga bakinku.

Abin da ya sa wannan laifi ya wuce na sauran masu danne albashi shi ne inda yake ƙarewa. Yaron da ba a biya ba sai ya ci abinci, kuma mutum ɗaya ne a gabansa da ya fi shi rauni. Daga nan ake samun kuɗin fom na biyu, da kuɗin hoto da bai kai haka ba, da “Baba, a ba da na goro fayil ya motsa”. Daga nan ake samun wanda zai riƙe katin ATM na dattijo da lambarsa da sunan taimako. Albashin da ka hana bai tsaya a aljihunka kawai ba; an karɓo madadinsa daga kuɗin hatsin da matar soja ta sayar don ta yi kuɗin mota. Ka san ana yi, shi ya sa ba ka tambayar yaron yadda yake kaiwa ƙarshen wata. Mun yi ta tsine wa Abdulrashid Maina lokacin da kotu ta ɗaure shi shekara takwas a Nuwamban 2021 kan kuɗin 'yan fansho. Nasa biliyoyi ne, naku dubbai, amma daga bakin mutum ɗaya ake fizge lomar.

Cutar ba ta nan kaɗai ba ce. A Amurka, bayan dokar 2022 da ta faɗaɗa diyya ga sojojin da suka shaƙi hayaƙi mai guba a Iraƙi da Afganistan, kasuwar kamfanonin cika takardun naƙasa ta buɗe, wasu suna karɓar ninki biyar na ƙarin da aka yi wa tsohon soja a wata, duk da cewa dokar ƙasar ba ta yarda wanda ba shi da izini ya karɓi kuɗi a kan wannan aiki ba. Ko'ina aka mai da raunin soja haja, ƙaramin ma'aikaci ake turawa ya tatso shi.

Ku ma samari, yunwa uzuri ce ta neman haƙƙinku, ba ta cin na tsoho ba. Ku nemi takarda tun ranar farko. Ku rubuta abin da aka ba ku da abin da aka riƙe. Akwai ofishin ƙwadago na tarayya a Kano, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma an kafa su ne saboda irinku. Iyaye da masu unguwanni da dagatai a masarautar Karaye, in za ku miƙa yaro ga mai ofis a birni, ku tambayi nawa ne albashin da ranar biyansa, a gaban shaidu. Shugabannin ƙungiyar tsofaffin sojoji kuma, kafin ku tura 'yan uwanku wurin wani dillali, ku binciki yadda yake riƙe da yaransa. Wanda ya cuci akawunsa ba zai ji tausayin fayil ɗinku ba.

Kai kuma mai ofis, ka sha jin malamai suna gargaɗi a kan jinkirta ladan ɗan ƙwadago, ba sabon karatu ba ne a wurinka. Ka yanka wa yaro albashi tsayayye da ba ya jiran fitowar garatutin kowa. Ka ba shi takarda, ka yi masa rajistar diyya, ka ba shi ranar hutu. Ka liƙa farashin kowane aiki a bango inda dattijo zai sa jikansa ya karanta masa. In ka lissafa ka ga sana'ar ba za ta ɗauki wannan ba, to, ba sana'a kake yi ba, gumin yara da kuɗin marayu kake ci. Ka rufe shagon.